Taƙaitawa ko Tsawaitawa: Yaya Ake Auna Tsawon Rubutun da Za a Karanta a Waya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Matasanmu da ke rubuce-rubuce a intanet, musamman masu mayar da karatun malamai rubutu da masu haɗa labarai, suna yawan yin wata tambaya: kalma nawa ya kamata rubutu ya kai? Wani ya ji an ce kada a wuce kalma 300, don mutanen yanzu ba su da haƙurin karatu. Wani kuma ya ji an ce sai rubutu ya kai kalma 2,000 kafin Google ya fito da shi ga masu bincike. Kowannensu so yake a yanke masa adadi guda ya riƙe, kamar yadda aka yanke adadin raka'o'in salla. To, irin wannan adadi babu shi. Kamfanin Google da kansa ya bayyana a cikin shawarwarin da yake ba marubuta cewa ba shi da wani adadin kalmomi da ya fifita. Amma akwai ma'auni, kuma malaman balaga sun daɗe da tsara shi.

Duk wanda ya karanta Talkhisul Miftahi na Ƙazwini, wanda ya rasu a shekara ta 739 bayan Hijira, ya san babin. Magana karɓaɓɓiya kashi uku ce. Idan lafazi ya yi daidai da ma'ana, ana ce masa musawatu. Idan lafazi ya yi kaɗan amma ya ɗauke ma'anar duka, wannan ijazi ne. Idan aka ƙara lafazi saboda wata fa'ida, kamar bayani bayan dunƙulewa ko maimaici don ƙarfafawa, wannan iɗnabi ne. Dukkan ukun abin yabo ne a muhallinsu. Aibin yana gefe biyu. Wanda ya taƙaita har ma'ana ta tawaya ya yi ikhlali. Wanda ya ƙara abin da babu fa'ida a ciki ya yi taɗwili, in kuma ana iya nuna kalmar da ta yi yawa da yatsa a cire ta, sai a ce hashwu, wato ciko. Mai karatu ya lura, a duk wannan rabo ba a ƙirga kalma ba. Rubutu mai layi goma yana iya zama rabinsa ciko ne. Rubutu mai shafi goma kuma yana iya zama babu abin cirewa a cikinsa.

Alƙur'ani mai girma ya isa misali. Suratul Kausar aya 3 ce, Suratul Baƙara aya 286. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa ita ce ta 282 a Baƙara, ayar bashi, wadda ta cika shafi guda a mus'hafin Madina. Ta yi bayanin rubuta bashi, da wanda zai rubuta, da wanda zai yi shifta, da yadda za a yi idan wanda ake bi bashin ba ya iya shiftar da kansa, da shaidu, da cinikin hannu da hannu da aka yafe rubuta shi. Inda haƙƙin mutane ya shiga kuma ake tsoron jayayya, a nan aka shimfiɗa magana.

Haka Sunna ta zo da ɓangarorin biyu. Muslim ya ruwaito cewa Ammar ɗan Yasir, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi huɗuba gajeriya mai ratsa zuciya, mutane suka ce da ma ya ƙara. Sai ya gaya musu cewa ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don kada ya gundure su, ya ce haka Annabi yake bibiyar su da wa'azi lokaci bayan lokaci. Amma Muslim ɗin nan dai ya ruwaito daga Amru ɗan Akhɗab cewa wata rana Annabi ya hau mumbari bayan asuba, bai sauka ba sai don salla, har rana ta faɗi. Abin da ya saba shi ne taƙaitawa. Ranar da buƙata ta kama, ya tsawaita.

Yanzu mu duba abin da masu auna halin masu karatu a intanet suka gano, domin su ma suna da ilimin da za a amfana da shi. A 1997 wani masani mai suna Jakob Nielsen da abokin aikinsa sun zaunar da mutane gaban kwamfuta suna lura da yadda suke karatu. Kashi 79 cikin ɗari ido kawai suke bi da shi bisa shafin suna tsintar abin da suke so. Kashi 16 ne ke karantawa kalma bayan kalma. A 2008 ya sake yin lissafi, ya ce a ziyara guda mai karatu ba ya samun karanta fiye da kashi 28 cikin ɗari na kalmomin shafi, mafi yawanci ma kusan kashi 20. Wannan ne hujjar masu cewa a gajarta. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press a 2014 ya umarci ma'aikatansa su riƙa tsayar da yawancin labarai tsakanin kalma 300 zuwa 500.

Masu cewa a tsawaita su ma ba su rasa madafa ba. Dandalin rubutu na Medium ya duba alƙalumansa a 2013, ya ga rubutun da ya fi riƙe mutane shi ne mai cin minti 7, kimanin kalma 1,600. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka kuma ta fitar da rahoto a 2016 kan masu karanta labarai a waya. Rubutun da ya kai kalma 1,000 ko fiye, mutane kan zauna a kansa daƙiƙa 123 a matsakaici, wanda bai kai haka ba kuwa daƙiƙa 57. Ke nan ƙaramin allon waya bai hana karanta dogon rubutu ba. Sai dai a yi lissafi. Baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana cin kalma wajen 240 a minti. Daƙiƙa 123 minti biyu ne da ɗan kai, ba za su ishi kalma 1,000 ba. Ma'ana, mutane da yawa sun fara, sun yi nisa, sun tsaya a hanya.

Yawancin waɗannan alƙaluma a kan masu karanta Ingilishi aka tattara su. Mai karatunmu daban yake. A Maradi ko Damagaram ko Tawa, da yawa sun yi lakwal da Faransanci, ba a taɓa koya musu karanta Hausar boko a aji ba, da kansu suka koya a kan waya. Wani da ajami ya fara. Wani dattijo ɗansa ke karanta masa bayan magariba. Wata uwa tana karantawa ne tsakanin tukunya da goyo. Duk waɗannan sun fi jinkiri a kan layi, don haka minti bakwai ɗinsu bai kai kalma 1,600 ba. Ga shi kuma Hausa tana da ƙananan kalmomi masu yawa, irin su da, na, ta, ya, a, waɗanda kwamfuta ke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka na fi son marubuci ya bar kallon lambar da ke ƙasan allo, ya ɗauki agogo, ya karanta rubutunsa a bayyane, a hankali, kamar yana karanta wa mahaifinsa. Mintin da ya ci, shi ne tsawon rubutun na gaskiya.

Wasu kan ce suna gajartawa ne don tausayin kuɗin intanet na talaka. Niyya ce mai kyau, amma lissafin bai hau ba. Rubutu mai kalma 2,000 bai wuce kilobait goma sha wani abu ba, hoto guda da aka ɗora a samansa ya ninka shi sau da yawa, balle murya ko bidiyo. Abin da dogon rubutu ke ci shi ne ido, da cajin waya, da haƙuri.

To ina haɗarin yake? Ga labari ko sanarwa, idan mai karatu ya tsaya a tsakiya ba a yi babbar asara ba. Ga hukuncin shari'a kuwa, abin ya wuce nan. Mu ɗauki zakkar noma, tunda duk kaka sai saƙonninta sun zagaya wayoyi. Wani zai rubuta layi ɗaya: zakkar amfanin gona kashi ɗaya ce cikin goma. Gajere ne, yana da daɗin turawa, kuma ga mai gero da ruwan sama ya shayar masa daidai ne, dami ɗaya cikin goma. Amma ya bar nisabi, wato wusƙi 5, kowane wusƙi sa'i 60, jimilla sa'i 300, wanda in amfanin bai kai shi ba babu zakka a kansa. Talaka mai ɗan abin da bai kai ba zai fitar da abin da ba a wajabta masa ba, yana tauye abincin ƴaƴansa. Ya bar bambancin shayarwa. Manomin shinkafa a bakin kogi wajen Gaya, wanda ke jan ruwa da inji yana sayen mai, rabin ushiri ne a kansa, ɗaya cikin ashirin. A buhu 100, bambancin buhu 5 ne. Ya kuma bar nau'in amfanin. Mai albasa a Galmi, a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan albasar kanta, sai a kan kuɗinta idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannunsa, alhali Abu Hanifa yana ganin a fitar daga kayan lambun ma. Layi ɗaya ya ɓatar da mutum uku. Wannan shi ne ikhlali.

Wani kuma zai ce bari ya cika komai. Sai ya fara da gabatarwa mai tsawo kan falalar zakka, da tarihin wajabta ta, da yaƙin da Sayyidina Abubakar ya yi da waɗanda suka hana ta, ya faɗi ushiri a tsakiya, sharuɗɗan kuma ya ajiye su can ƙarshe bayan kalma 2,500. Mai karatu ya kai inda aka ce ushiri, ya ga ya samu abin da yake nema, ya rufe. Sakamakon ɗaya ne da na mai layi ɗaya, sai dai wannan ya fi shan wahala. Kuma tun da Facebook da WhatsApp suna yanke dogon saƙo su ɓoye sauran sai an latsa, mutane da yawa abin da ke sama kawai suke gani, su tura wa wasu.

Mafi ƙarancin tsawon rubutu kan zakkar noma, ke nan, shi ne abin da zai ɗauke waɗannan huɗu tare: me ake fitarwa a cikinsa, nawa ne nisabi, nawa ake fitarwa idan ruwan sama ne, nawa idan da wahala aka shayar. Ana iya yin wannan a kalma 150. Ƙasa da haka ba ya halatta ga mai amana. Abin da ya biyo baya, kamar gonar da aka shayar da duka biyun, da haɗa nau'o'in hatsi wajen cika nisabi, da hujjojin kowace mazhaba, wannan na ɗalibi ne, kuma yana da haƙƙin a rubuta masa shi a shimfiɗe.

A nan ne magabata suka bar mana dabarar da nake ganin ta fi duk wata lamba amfani. Ba sa tilasta wa ilimi ɗaya tsawo ɗaya. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya rubuta Risala ne don a koyar da yara, ga ta nan ɗan littafi da ake sawa a aljihun riga. Shi ɗin dai ya rubuta Annawadiru waz Ziyadat, wanda aka buga a mujalladi 15. Imam Gazali a fiƙihun Shafi'iyya ya yi Albasiɗ, ya rage shi zuwa Alwasiɗ, ya sake ragewa zuwa Alwajiz. Ibnu Malik ya yi Alkafiyatush Shafiya mai baiti kusan dubu uku, sannan ya tace ta zuwa Alfiyya. Ibnu Hajar ya ɗauki Tahzibul Kamal na Mizzi, wanda bugunsa ya kai mujalladi 35, ya mayar da shi Tahzibut Tahzib, daga baya ya matse shi zuwa Taƙrib, inda kowane maruwaici ke samun layi ɗaya ko biyu. A ƙasar Hausa ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, da ya ga ya yi wa wasu ɗalibai nauyi sai ya yi musu Kifayatu Du'afa'is Sudan, wanda ya fi shi sauƙi. An kuma ruwaito cewa Imam Ɗabari ya tambayi ɗalibansa ko za su iya da tafsiri mai waraƙa dubu talatin, suka ce rayuwa za ta ƙare kafin a gama, sai ya mayar da shi wajen dubu uku. Malami irin Ɗabari ya tambayi masu ɗauka kafin ya yanke tsawo.

Amma kada a ɗauka taƙaitawa kullum sauƙaƙawa ce. Wanda ya zauna gaban malami da Mukhtasar na Shehu Khalil ya san wannan a jikinsa. Littafin ƙarami ne, amma an cusa mas'aloli a cikin kalmomi kaɗan har ya zama ba a shigarsa sai da jagora. Shi ya sa sharhohi suka taru a kansa: Mawahibul Jalil na Haɗɗabi, da na Kharashi, da na Zarƙani, da Sharhul Kabir na Dardir, sannan Dasuƙi ya yi hashiya a kan Dardir ɗin. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa yawan taƙaitattun littattafai yana cutar da koyo, domin ana jefa wa mai farawa ƙarshen ilimi tun bai shirya ba, ya ɓata lokacinsa wajen warware lafuzza masu tsauri. Kusa da wannan fasali kuma ya yi wani yana kukan cewa yawan littattafai a fanni ɗaya yana hana ɗalibi kaiwa ga gaci. Ya ga ciwon ta fuska biyu. Taƙaitawar da ta dace da hafizi mai malami a gabansa ba ita ce ta dace da mutumin da ke shi kaɗai da wayarsa ba, wanda babu mai yi masa sharhi. Shi wannan yana buƙatar misali, kuma misali yana cin wuri.

Idan aka matsa mini sai na faɗi adadi, to ga abin da nake ganin ya dace da masu karatunmu, ra'ayi ne ba nassi ba. Sanarwar wa'azi ko ta'aziyya ko ganin wata, kada ta wuce abin da allon waya zai nuna ba tare da an ja ba: me, ina, yaushe, wa ya sanar. Sau da yawa za ka ga sanarwa ta cinye layi takwas a kan laƙubban manyan baƙi, lokacin taron kuma yana can ƙasa inda aka yanke. Girmama malamai wajibi ne, amma a fara da lokaci da wuri, laƙubba su biyo. Labari, minti biyu zuwa uku ya ishe shi, a sa mafi muhimmanci a farko yadda ƴan jarida ke yi, ta yadda duk inda mai karatu ya tsaya ya riga ya samu gaskiyar abin da ya faru. Amsar tambaya ta fiƙihu, a ba da hukuncin da sharaɗinsa a sakin layi na farko, a jumla ɗaya in zai yiwu, don kada a iya tsinke ɗaya a bar ɗaya, sannan hujja ta biyo. Bayani irin na ɗalibai kuwa yana iya kai minti goma ko sha biyar babu laifi, muddin abu ɗaya yake bi. Da marubuci ya ji kansa yana cewa wannan kuma ya kai mu ga wata mas'ala, to ya kai ƙarshen rubutu na farko, ya shiga na biyu.

Masu mayar da karatun malamai rubutu su ne suka fi buƙatar wannan. Karatun awa guda idan aka rubuta shi yadda ya fito daga baki yana kai kalma dubu bakwai ko fiye. A majalisi malam yana maimaita jumla saboda wanda ya shigo a makare da wanda hankalinsa ya tafi, kuma Anas ya ruwaito cewa Annabi yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Kunne ba ya komawa baya, shi ya sa ake maimaita masa. Ido kuwa yana komawa. Maimaicin da ya zama iɗnabi a majalisi, a rubuce yana zama ciko. A cire shi, a cire gyaran lasifika da amsa sallamar masu shigowa. Amma kada a taɓa togaciya. Duk inda malam ya ce sai dai idan, ko matuƙar, ko a wajen Malikiyya, wannan ba na cirewa ba ne ko da rubutun zai ƙara tsawo, domin wanda ya cire shi ya jingina wa malam abin da bai faɗa ba. Kuma a nuna wa malam rubutun kafin a sake shi da sunansa.

Akwai wata taƙaitawa ƙarama da ba a cika lura da ita ba. Saƙon waya na SMS yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa harafi irin ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Wannan, tare da rashin haruffan a allon rubutu na wayoyi da yawa, ya sa mutane suka saba zubar da lanƙwasa, suka kuma saba datse kalmomi. A hira ba komai. A rubutun ilimi kuwa, bari da ɓari ba ɗaya ba ne, kuma mas'alolin idda da jinin biƙi suna ratayuwa a kan irin wannan kalma.

Idan rubutu ya yi tsawon da dole a raba shi kashi-kashi, a raba a gaɓa, yadda mahauci ke bin gaɓar nama. Kada a yanke tsakanin hukunci da sharaɗinsa, ko tsakanin shubuha da amsarta, a ce sai mako mai zuwa. Wanda ya karanta shubuhar yau ba lalle ne ya dawo ya ga amsar ba, kuma kashi na farko zai yi ta yawo a wayoyi shi kaɗai. Kowane kashi a rubuta lambarsa da jimillar kasusuwan a samansa, na biyu cikin huɗu misali, tare da layi biyu da ke tuna abin da ya gabata, don wanda aka turo wa na uku ya san akwai na ɗaya da na biyu da bai gani ba.

Allah ne Mafi sani.